Ladan Mai Jinya: Na Lahira Kaɗai, Ko Har da Na Duniya?

Kwanakin baya na bi sawun wata ɗalibata ƴar aji shida da ta yi mako uku ba ta leƙo makaranta ba. Na tarar da ita a tsakar gida tana wanke zannuwan kakarta, wadda ɓarin jikinta ya shanye tun bayan girbi. Uban yarinyar yana Abijan wajen nema, uwar kuma tun asuba take fita lambun albasa, don da abin da ta samo ake ɗora tukunya. Na zauna na jira har ta dawo. Bayan mun gaisa na faɗi abin da ya kawo ni, sai ta ce, "Mushe, ba ƙin lakkol muke ba. Amma in ta koma, wa zai zauna da tsohuwa?" Na tambaye ta ko maigida yana aiko da kuɗi. Ta ce yana aikowa, na hatsi daban, na magani daban. Na ce, "To na mai jinya fa?" Ta yi dariya har da riƙe haɓa, ta ce, "Haba Mushe! A biya mutum don ya kula da uwar mijinsa? Ai ladanmu yana wurin Allah."

Ban yi mata musu ba, domin gaskiya ta faɗa. Sai dai tun daga ranar maganar take cina, saboda na taɓa jin irinta a cikin gidanmu nan Garhanga shekaru arba'in da suka wuce, kuma na san yadda ta ƙare. Shi ya sa na ga ya dace in ɗan waiwayi tarihi tare da ku, malamai ƴan'uwana da iyayen yara, mu ga ko da gaske ne biyan mai jinya baƙon abu ne da ba mu gada ba.

Yadda gandu yake biya

Ƙanena ya kamu da shan inna yana ɗan shekara uku, ƙafafunsa biyu suka mutu. A lokacin kakanmu yana raye, kuma gidanmu gidan gandu ne: shi da ƴaƴansa maza huɗu da matansu, gona ɗaya, rumbu ɗaya. Yayata, wadda ta girme ni da shekara biyar, ita aka ɗora wa yaron. Ita ke goya shi, ita ke kai shi bayan gida, ita ke ba shi hura a baki ranar da zazzaɓi ya kayar da shi. Ni aka sa ni lakkol, ita ba a sa ta ba, kuma ba wanda ya ga wani abin magana a ciki.

Amma akwai abin da na lura da shi daga baya. Duk shekara in an gama girbi, kafin a rufe rumbu, kakanmu yakan ware dami biyu ya ce na Inna ne da ɗiyarta, "saboda yaron nan." Ranar da ake noman gandu, ba a tilasta wa Inna fita kamar sauran mata, kuma ƴar gonarta ta gamana ƙannen Baba ke nome mata ita. Ba wanda ya kira wannan albashi, amma in ka duba da kyau, me ya rage? An san aikin, an san mai yin sa, an rage mata wani nauyi, an kuma ba ta rabo daga dukiyar gida. Gandu ya san cewa hannun da ke riƙe da mara lafiya shi ya saki sauran hannuwa suka kama kalme.

Bayan gandu akwai zakka. Dami ɗaya cikin goma na hatsin da ruwan sama ya shayar, kuma gidan da ke da makaho ko gurgu ko tsohon da ba ya tashi yana cikin na farko da ake tunawa. A manyan biranen ƙasar Hausa kuwa, irin su Kano da Katsina da Damagaram, abin har ya kai ga sarauta: akwai Sarkin Makafi, da Sarkin Kutare, da Sarkin Guragu, waɗanda ke sasanta jama'arsu, suna kuma karɓa musu kyautar fada da sadakar attajirai. A can ɗan jagora ba a banza yake jan sanda ba, yana da kasonsa cikin abin da aka samo. Wannan ma biya ne, sai dai biya ne mai tsada, domin da yarintar yaron da karatunsa ake yin sa.

Abin da malamai suka sani

Masu cewa addini bai san da wannan ba, su koma ga malamansu su tambaya. A cikin Suratuɗ Ɗalaƙi an umarci mijin da ya saki matarsa ya ba ta ladanta idan ta shayar masa da ɗansa. Ku duba fa: ɗan nata ne, cikinta ya fito, ba ta son kowa kamarsa, amma duk da haka shari'a ta ce a biya ta. Ba a ce kuɗin ya rage mata ƙauna ba, ba a kuma ce ya zubar mata da ladan lahira ba.

Malaman tarihi irin su Ɗabari sun kawo cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki a Dimashƙa daga shekarar 705 zuwa 715, ya yanka wa kutare abin masarufi daga baitulmali ya hana su bara, ya ba kowane makaho ɗan jagora, ya ba kowane gurgu mai yi masa hidima. Ma'ana, fiye da shekara 1,300 da suka wuce wata hukumar Musulmi ta fahimci cewa bai isa a ciyar da mai lalura ba, sai an tanadi wanda zai tsaya a kansa, kuma nauyin wannan mutum yana kan dukiyar al'umma.

Yadda rumbu ya rabu

To ina wannan tsari namu ya tafi? Ba dare ɗaya ya watse ba. Tun zamanin Nasara, da aka ɗora lanho na kuɗi a kan kowane kai, samarin Adar suka fara fita cin rani don nemo abin biya. Tafiyar da ake yi wata huɗu a dawo da faɗuwar ruwa ta koma ta shekara, ta koma ta shekaru: Abijan, Legas, Kamaru, Gabon, daga baya Libiya. Wanda ya samo kuɗi da gumin kansa a bakin teku ba ya son zuba su cikin rumbun kowa da kowa. Fari na 1973 da 1974 ya karya dabbobi, sannan na 1984, wanda mutanenmu ke kira El-Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya, ya ƙarasa abin da ya rage. A gidanmu shekarar ce kakanmu ya rasu, aka raba gona, kowa ya kama gabansa. Dami biyun nan na Inna ba a soke su da baki ba, rumbun da ake ɗebo su ne ya daina wanzuwa.

A wannan shekara ta 1984 ne aka buɗe Furojen Keita, da kuɗin ƙasar Italiya da hannun hukumar FAO, Hukumar Abinci ta Duniya kuma tana ba da abinci a madadin aiki. Duk wanda ya girma a Keita, Tamaske, Ibohaman ko Garhanga ya san abin da aka yi: jera duwatsu a kan tudu don tare ruwa, haƙa ramuka a jikin duwatsu, dasa itatuwa, gina madatsun ruwa a cikin ƙoramu. Da yake maza sun tafi, mata ne suka yi mafi yawan aikin. Wannan ne karo na farko da mata da yawa na ƙauyukanmu suka ga an rubuta sunansu a takarda, an ƙidaya kwanakin aikinsu, an auna musu abin da suka samu da ƙarfinsu.

Inna na cikinsu. Baba yana Abijan, ita tana bisa dutsi tun safe har la'asar, yayata tana gida da ƙanenmu. Ranar da aka yi rabon farko, na ga Inna ta zube abin da ta samo a kan tabarma, ta raba biyu, ta tura rabi gaban yayata ta ce, "Ɗauki, ɗiyata. Da ba ki zauna ba, da ban fita ba." Yarinya ƴar shekara goma sha bakwai ta rasa abin cewa, sai kuka. Ba shakka a tukunya ɗaya aka dafa duka, amma daga baya Inna ta sayar da wani abu daga cikin rabon ta saya mata akuya. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta gane abin da ya ɗauki manyan ƙasashe shekaru suna gardama a kai.

Abin da hukuma ta rubuta

A ɓangaren hukuma, tallafin iyali na kuɗi ya shigo ƙasar nan a tsakiyar shekarun 1950, a ƙarshen mulkin Faransa, kuma don ma'aikata masu albashi aka yi shi. Bayan samun ƴanci aka kafa asusun CNSS a 1965. A cikin ƙa'idodinsa akwai wani tanadi da mutane da yawa ba su sani ba: ma'aikacin da ya naƙasa har ya zama ba ya iya hidimar kansa sai da taimakon wani, ana yi masa ƙari a kan fanshonsa saboda wannan mai taimakon. Ashe ke nan dokar Nijar ta daɗe da yarda cewa jinya aiki ce mai daraja ta kuɗi. Matsalar ita ce ƙofar ƙunci gare ta. Manomi, makiyayi, mai lambun albasa da ɗan cin rani, waɗanda su ne kusan dukkan mutanen Garhanga, ba sa cikin wannan rumfa.

An yi dokar kare haƙƙin naƙasassu ranar 2 ga Maris 1993, aka gyara ta a 2010. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, sannan aka yi sabuwar doka a Disamba 2019. Ƙungiyoyin naƙasassu, ƙarƙashin tarayyarsu ta FNPH, sun sha gwagwarmaya kafin a kai nan, kuma an samu abubuwa: batun karatu, batun magani, da ware kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Sai dai waɗannan dokoki fuskarsu tana kallon mai lalurar ne. Uwa ko ƴa ko matar ɗa da ke kwana a gefen shimfiɗarsa, har yau ba ta da wani abu na wata-wata da aka yanka da sunanta.

Kuɗin tallafi ya fara shigowa ƙauyuka ta wata ƙofa daban, ƙofar yunwa. A ƙarancin abinci na 2010, ƙungiyar Concern ta raba kuɗi a ƙauyukan jihar Tawa, wasu hannu da hannu, wasu ta wayar salula. Daga 2011 gwamnati da Bankin Duniya suka kafa shirin tallafa wa gidaje marasa ƙarfi, inda a lokacin aka riƙa ba da jika goma, wato sefa 10,000, kowane wata har shekara biyu, kuma a hannun mace ake damƙa kuɗin. Wannan ya taimaki gidaje masu jinya da dama, amma saboda talaucinsu aka zaɓe su, jinyar ba ta cikin lissafi, kuma in wa'adi ya cika kuɗi ya tsaya, mara lafiya kuwa yana nan kwance.

A maƙwabta, jihar Jigawa ta fara ba naƙasassu naira 7,000 a wata a shekarar 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido. Afirka ta Kudu tana biyan iyaye ko masu riƙon yaron da ke da naƙasa mai tsanani har ya kai shekara 18. Ingila ta fara biyan masu jinyar ƴan'uwansu a gida a 1976, ga wanda ke yin aƙalla awa 35 a mako. Abin da zai ba ku mamaki, da farko an hana matan aure wannan kuɗi, wai ai dama suna gida, aikinsu ne. Sai da wata mata mai suna Jacqueline Drake, wadda ta bar aikinta don ta kula da mahaifiyarta, ta kai ƙara har kotun Turai ta yi nasara a 1986, sannan aka buɗe musu. Wato maganar da uwar ɗalibata ta faɗa mini a tsakar gida, Turawa ma sun yi shekara goma suna faɗarta da bakin doka kafin su janye.

Wanda ya biya a gidanmu

Bari in ƙarasa muku labarin yayata, don shi ne dalilin wannan rubutu. An yi mata aure a wani ƙauye wajen Buza. Ba ta cika shekara uku ba Inna ta fara ciwon baya, ta kasa ɗaga ƙanenmu, wanda a lokacin ya zama saurayi. Yayata ta riƙa zuwa tana kwana biyu, ya koma mako, ya koma wata, har mijin ya gaji ya aiko mata da takarda. Ta zauna gida shekara ashirin da wani abu. Ta yi jinyar Inna har ta rasu, ta ci gaba da ta ƙanenmu har shi ma ya koma ga Mahaliccinsa.

Ni a lokacin ina aikin koyarwa, ina aiko da kuɗi duk ƙarshen wata, ina jin kaina ɗa na gari. Na hatsi, na magani, na sabulu. Ban taɓa ware ko dala ɗaya na ce wannan naki ne, ki yi abin da kika ga dama da shi ba. Da aka zo rabon gadon Baba, aka yi shi yadda shari'a ta ce, ba a zalunci kowa ba: na ɗauki kashi biyu, ta ɗauki ɗaya. Sai da na ga an auna mata ƴar gonarta sannan lissafin ya faɗo mini. Na samu karatu, na samu albashi, ina jiran fansho. Ita ba karatu, ba aure, ba sana'a, ga baya ya lalace da ɗaukar mutum. Jinyar da muke cewa kyauta aka yi, ashe an biya ta, kuma mutum ɗaya ce ta biya mana duka. Na ba ta rabin gonata kyauta a gaban shaidu, ta karɓa ta yi godiya, amma ni na san ban biya ko kashi ɗaya cikin goma ba.

Na san tsoron da wasu ke ji, kuma ba tsoron banza ba ne. In kuɗi ya shigo, ana iya samun masu rububin riƙe mara lafiya don abin da ke tattare da shi, kamar yadda muke ganin wasu na yawo da yara masu lalura a tashoshin mota. Ana iya samun ɗan da zai ce tunda ina biya, na sauke nauyi, ya daina ko kiran waya, alhali zumunci a ƙafa yake. Maganin wannan shi ne a sa ido, dangi da liman da mai gari su san halin da ake ciki. Barin mai jinya hannu wofi bai taɓa hana mugu muguntarsa ba, ta kirki kawai yake karyawa.

Abin da ke hannunmu

Ba sai mun jira Yamai ba kafin mu fara. Ga iyaye, musamman ku da ke waje kuna aiko da kuɗi: in za ku aiko, ku ware kason mai jinya da sunanta, ko da jika biyu ne, ku faɗa mata da bakinku cewa nata ne. In dattijo yana da gona ko dabba, ya ba wadda ta tsaya masa kyautarta tun yana da rai da hankalinsa, a gaban shaidu, don gado ba ya tambayar wa ya yi wanki. Ranar fidda zakka ku tambayi malaminku: ƴar'uwa ko gwaggo matalauciya wadda ciyar da ita bai wajaba a kanku ba, tana cikin waɗanda za a iya ba, kuma ba da ita ga dangi lada biyu gare shi. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro daga Maraɗi a 1991 suka bazu har ƙauyukanmu, suna da ɗan asusun taimako na haihuwa da rasuwa. Me zai hana a sa doguwar jinya a ciki?

Ga malamai kuwa, mu ne muka fi kowa saurin ganin alamar. Yarinyar da ke zuwa a makare kullum, ko take gyangyaɗi a aji, ko ta ɓace ranar kasuwa, kafin mu ɗaga bulala mu tambayi wa ke kwance a gidansu. Mu rubuta sunayen irin waɗannan yara, mu kai gaban kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye mata, mu kuma kai wa magajin gari, don duk ranar da wani shirin tallafi ya zo a san gidajen da za a fara da su. Dokar Disamba 2017 ta ce a riƙe yarinya a makaranta har ta kai shekara 16, amma doka ba ta juya tsohuwa a kan shimfiɗa. Sai an samu wanda zai yi wannan kafin yarinya ta samu fita.

Ita ɗalibata, ga yadda muka yi. Na sa aka kira uban a waya, muka yi magana ni da shi da ƙanensa da ke Agadas. Da farko ya ji nauyi, ya ce, "Malam, kada a ce na sa uwata a hannun ƴan ƙwadago." Na ce masa ba baƙuwa za a ɗauko ba. Akwai gwaggonsu, bazawara, tana zaune a gidan wani ɗan'uwa ba ta da abin hannu. Suka yarda su biyu za su riƙa haɗa mata jika shida a wata da tiya goma ta hatsi, ta zauna da tsohuwa daga safe zuwa azahar. Da aka gaya mata, ta ce ita ko ba a ba ta komai ba za ta yi. Na ce, "Gwaggo, mun sani. Shi ya sa ke aka zaɓa." Yarinya ta dawo aji ranar Litinin, ta rasa mako biyar, kuma jarrabawa saura wata uku. Ina yi mata ƙarin darasi da yamma. Ko za ta ci ko ba za ta ci ba, Allah ne masani, amma dai tana zaune a kan bencinta.

Da na je gaida yayata na ba ta wannan labari, ta yi shiru, sannan ta tambaye ni shekarun yarinyar. Na ce goma sha biyu. Ta ce, "To, kada ka bari ta sake fita."

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya kuma ba mu ikon sauke haƙƙinsu tun muna tare da su.